Ashe jaki na bari nake ta dukan taiki: ni da batirin motata

Wata asabar ce cikin watan Afrilu, zahin Maradi dai da kunka sani, wanda tun ƙarhe 8 na sahe mutum ke jiƙewa sharkaf kamar an watsa mashi ruwa. Mun shirya za mu Tibiri gaida Inna, uwargida ta riga ta shiga gaba da kwanon abinci bisa cinya, yara 3 a baya suna ta rigima kan wa zai zauna bakin taga, na murɗa kile sai na ji tak tak tak. Na sake murɗawa, tak tak tak, hitilun tablo sunka dishe kamar aci-balbal da mai ya ƙare mata. Uwargida ba ta ce uffan ba, kallona kawai ta yi, irin kallon nan da ya hi magana ciwo, don ba a yi wata 9 ba da na zari jika 40 cikin kuɗɗin da muke tarawa na sayo batirin nan sabo dal cikin kwali. Kuma na kahin shi ma haka, bai cika shekara ba ya kwanta.

Samarin da ke shan shayi a fadar ƙohar gidanmu sunka taso sunka tura mu, na sa bites ta 2 na saki ambiriyaj ta kama, munka tahi. A Tibiri bisa ɗan tudu na aje ta don tsoron kunya, amma da la'asar ina murɗawa ta tashi ras kamar ba ita ba. Lahadi ma ta tashi. Sai na ce to ƙila yara ne sunka bar hitilar ciki a kunne, na yi masu faɗa a banza. Ni dai aikina koyarwa ne, kuma da moto nake zuwa lokol saboda tsadar esans, motar daga litinin har juma'a tana tsakar gida lulluɓe da tamfol, sai asabar ake hito da ita. Asabar ta zagayo, tak tak tak. Ta gaba ma haka. Har ƴan fada sunka fara ce mani Mushe (haka ake kiran malamin lokol) ya kamata a yanka mana albashi tunda mun zama ma'aikatan turi.

Na ciro batirin na ɗaure bayan moto na kai shi inda na saye shi (rigar shaddar da na sa ranar har yau tana nan da ƴan huji-huji a baya, ruwan batir ne ya fallatsa, sai bayan wanki na gani). Maigidan ba ya nan, yaron shago ya ɗauko wani guntun waya ya dafa bisa kan batir guda ya goga a ɗayan, ɗan tartsatsi ya hito marar ƙarhi, ya ce Alhaji wanga ya mutu, zahin bana ba batirin da ya ƙyale, ga wani can da ya hi shi, jika 45 amma zan bar maka 43. Na ce garanti fa? ya ce wata 6 ne kuma sun wuce. Wallahi da akwai kuɗɗi aljihuna da na saye, rashin shigowar albashi ne kaɗai ya cece ni, na sake ɗaure kayana na dawo gida ina ƙunƙuni.

Ranar alhamis ina ba da labarin cikin ɗakin malamai, ina ta zagin batiran zamani da masu shigo da su, sai abokin aikina mai koyar da fizik da shimi ya ɗago kai daga takardun da yake gyarawa ya ce nawa ya nuna? Na ce me ya nuna? Ya ce batirin mana, da anka auna shi nawa ya nuna. Na ce ai an goga waya an gani. Ya yi dariya har da buga tebur ya ce Mushe, kai kana ba yaro zero ba ka buɗe takardarshi ba? Maganar nan ta shige ni ƙwarai.

Juma'a bayan magariba sai ga shi gidana da miltimeter, wata ƴar na'ura ce da ba ta wuce tahin hannu ba, mai waya biyu, ja da baƙa. Ya juya makunninta zuwa 20 ta gehen da ake auna wutar batir, ya ɗora ja bisa kan fulus mai alamar +, baƙa bisa kan mas mai alamar ragi, in ma alamar ta goge to kan fulus ya hi ɗayan kauri, ta nan ake gane shi ko cikin duhu. Ta nuna 11.9. Ni da jin an ce batir bolt 12 ne sai na ce to ai saura ƙiris ya cika, me ya rage. Ya ce a'a, nan ne mutane ke ruɗewa, sunan ne kawai 12. Cikin akwatin nan ɗakuna 6 ne a jere, kowane ɗaki in ya ƙoshi yana ba da bolt 2.1, ka haɗa ka samu 12.6, to wannan shi ne cikakke. In ka ga 12.4 kashi ukku cikin huɗu ya rage, 12.2 rabi, 12.0 kwata, ƙasa da haka kuwa tulu ne babu ruwa. In kuma ka yi sharji ka yi sharji ya tsaya wajen 10.5 ya ƙi hawa, to ɗaki guda ya mutu ke nan, wannan shi ne mutuwar gaske da ba ta da magani. Ya ce naka yunwa yake ji, ko ya mutu ko bai mutu ba sai an ciyar da shi tukunna a gani. Da yake shi ba ya iya magana bai sako tarihi ba, sai da ya gaya mani wani Bafaranshe ne, Gaston Planté, ya ƙirƙiro irin batirin nan na dalma da asid a 1859, tun ba a san mota ba, kuma har yau asalin dabarar ba ta sake ba. Na ce to mun gode Mushe amma gobe asabar. Ya kwatanta mani wani tsoho mai sharjin batir can bayan tasha, ya ce je wurinshi kuma kar ka yi mashi gaggawa, ya bar mani na'urar aro.

Ƴan fada sunka sake yin aikinsu, na tahi da motar kanta. Rumfa ce ta kwano buɗe ta gehe ukku, batira jere bisa katako sun hi 20, na motoci, na adaidaita, da na mutanen ƙauye masu kallon tele da dare, ko'ina wayoyi. Na gaida shi, Baba ina kwana ina gajiya, ya amsa bai ɗago ba, sai da ya gama abin da yake yi ya zo ya leƙa cikin kapo ya daɗe yana kallo. Na kai hannu da kilen kwance noti mai lamba 10 zan kwance fulus don shi ya hi kusa da ni, ya buge mani hannu kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce Mushe mas ake fara cirewa, shi kuma ake maidawa ƙarshe. Dalili kuwa duk jikin motar mas ne, in kana kwance fulus mas na haɗe kilen ya taɓa ƙarhen mota to ka haɗa wuta kai tsaye, kilen zai yi ja, in da zobe a yatsanka ya narke da naman. Ni da na ciro batirin nan sau biyu ta fulus, Allah ne dai ya tsare.

Abu na farko da ya nuna mani wani farin gari mai shuɗi-shuɗi da ya taru bisa kos na fulus, wato ƙarhen da ke maƙale waya a kan batir, kamar hurhura, kos ɗin kuma da hannu ma yana juyawa. Ya aiki yaronshi ya jiƙo kanwa cikin gwangwani, e kanwar nan dai ta tuwo da kunu, ya zuba bisa wurin sai ga shi yana kumfa yana tsuwa. Ya ce kanwa na kashe asid, wasu bikarbonat suke sawa duk ɗaya ne, amma a tabbata murahen na rufe ruf, in ruwan kanwa ya shiga ciki ya kashe asid ɗin da ake so. Ya goge da tsohon burushi, ya ɗauraye da ruwa, ya bi kawunan da cikin kos da ƴar takardar yashi har sunka yi ƙyalli. Ya share saman batirin tas, ya ce ƙurar nan tamu in ta haɗu da danshin asid ita ma hanya ce, wuta na bi ta cikinta daga kai zuwa kai a hankali.

Sannan ya buɗe murahe 6 ɗin ya haska da tocila ya ce leƙa, amma daga nesa, kar ka kai ido. Ɗakuna 4 ruwa ya rufe farantan dalma da ƙyar, 2 kuwa kawunan farantan a waje suke sun bushe sun yi fari-fari. Wata 9 ban taɓa buɗewa ba, ban ma san ana buɗewa ba, na ɗauka irin na rufe ne da ba a ƙara ma ruwa. Ya ce garinmu a watan Afrilu da Mayu zahi na wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin kapo kusa da injin, ruwan tururi yake yi ya tahi, wani kuma sharji ke cinye shi, shi ya sa batirin da zai yi shekara 4 ko 5 a ƙasar sanyi nan in ya yi 2 sai a gode Allah. Na ce to Baba a zuba mashi sabon asid mana ya yi ƙarhi, don haka na ji ana cewa. Ya ce wa ya gaya maka asid ya tahi? Ruwa ne ke tahiya, asid na nan. In miya ta ƙahe bisa wuta ruwa ake ƙara mata ko gishiri? Na yi shiru.

Daga baya abokina na fizik ya ƙara mani bayanin da Baba ya taƙaita. Ruwan cikin batir wajen kashi ɗaya cikin ukku asid ne, sauran ruwa zalla. Lokacin da batir ke ba da wuta asid ɗin shiga yake cikin farantan ya zama wani farin gishiri, ruwan ya tsinke, in an yi sharji gishirin ya narke asid ya komo cikin ruwa. To in an bar batir da yunwa kwana da kwanaki gishirin nan sai ya daskare ya ƙi narkewa, duk inda ya daskare wurin ya tashi aiki har abada. Masu zubar da ruwan batir su ɗura sabon asid suna ganin ya farfaɗo sati biyu ukku, alhali asid ya yi yawa yana cin farantan, daga nan sai kabari.

Ruwan da Baba ya ƙara na cikin wata jarka ne fari tas, ruwan batir da ake saidawa, wanda anka dafa anka tara tururinshi. Ya ce ban da na rijiya, ban da na famfo, ban da na leda, duk suna da gishiri da ƙarhe-ƙarhe da ido ba ya gani. Kuma bai cika ba, ya zuba daidai abin da zai rufe farantan kawai, ya ce in ana sharji ruwan kumbura yake, in ka cika yanzu anjima ya yi ambaliya, sai an gama ake cikasawa har ya hau kan farantan da kamar santimita ɗaya ko ɗaya da rabi.

Nan ne munka yi ƴar jayayya. Ni ina son in kai yara Tibiri ranar, na ce Baba ba a iya yi mashi mai sauri, awa ɗaya ko biyu? Ya nuna mani rubutun jikin batirin, 60 ne a rubuce, wato amfer 60 na awa guda, shi ne girman cikinshi. Ya ce kashi ɗaya cikin goma ake ba shi, naka amfer 6, na 70 a ba shi 7, na manyan motoci mai 150 a ba shi 15, ka lissafa da kanka kai ne malami, awa 10 ne mahi ƙaranci kuma da yake ba duk abin da anka zuba ke zama ba sai ya kai 12 ko hiye. Ya ce akwai masu buga mashi amfer 30 su ba ka cikin awa ɗaya yana zahi kamar dutsen guga, motar ta tashi ka yi murna, farantan kuwa sun lanƙwashe dalmar ta zube ƙasa. Wanda ya kwana ukku bai ci ba kunu ake fara ba shi. Na ce to ai da na yi zaton tahiyar Tibiri na cika shi, ya ce Tibiri da ke nan bakin hanci? Tahiyar minti 20 sama-sama take shafa mashi, abin da zai tada mota yau da gobe, altarnater, wato abin da ke sharjin batir in injin mota na aiki, aikinshi ya maida abin da demarer mai tada inji ya ɗiba, ba a yi shi don ya cika rijiyar da ta ƙahe ba.

Ya sassauta murahen ya bar su bisa bakin, ya maƙala ja a fulus baƙa a mas tukunna sannan ya kunna injin sharjin, wani tsohon akwati mai allura, ya juya har allurar ta tsaya kan 6. (Mutanenmu na Jibiya da Katsina caji suke cewa, in sun zo nan sai su yi ta dariyar sharji, mu ma muna dariyar nasu.) Ina tsaye sai ga wani ɗan kabu-kabu ya shigo rumfar da taba a baki, wallahi ban taɓa ganin tsoho ya zabura haka ba, ya kore shi har bakin titi. Da ya dawo ya ɗaga hular shi ya nuna mani wani tabo daga goshi zuwa kunne. Ya ce batir in yana shan sharji wata iska yake hitarwa marar wari marar launi, tartsatsi ɗaya ya ishe ta, shi tun yana yaron gareji ya cire waya bai kashe inji ba batirin ya tarwatse mashi a huska, da ba a yi maza an yi ta kwara mashi ruwa ba da idon ya tahi. Abokina ya ce sunanta haidurojin. Sai lokacin na tuna yaron shago da guntun wayarshi yana hidda tartsatsi daidai bisa murahe, ni kuma na sunkuya ina kallo, jikina ya yi sanyi.

Na bar motar nan na hau adaidaita na koma, Tibiri ta sha ruwa. Da la'asar wuta ta ɗauke kusan awa 4 kamar yadda ta saba lokacin zahi, don haka sai lahadi da hantsi ya gama. Na tarar allurar ta sauko ƙasa sosai, ɗakunan na ƴan ƙananan kumfa kamar kunu ya fara tafasa, jikin batirin da ɗumi amma ba zahi ba, Baba ya ce duk awa biyu ukku yake dafa shi, in ya hi ƙarhin hannu a kashe a bari ya huce. Na zaro miltimeter da rawar jiki na auna, 13.1, na ce Baba ya wuce cika ma! Ya ce wannan kumfa ce, kamar ta hura in an dama, bari ta kwanta. Batirin da ya sauka daga sharji sai ya huta awoyi kahin ya faɗi gaskiya, in ana sauri a ɗaura shi a kunna manyan hitilu minti ɗaya ko biyu a kashe a ɗan jira sannan a auna. Ya sa na bar shi har litinin.

Litinin bayan an tashi lokol na zo, 12.5 da ɗan ɗori. Ya cikasa ruwan bayan ya gama awonshi, don awon da ya yi kahin nan shi ne ya hi burge ni. Wata kwalba ce doguwa mai roba a kai kamar babban sirinji, cikinta wata ƴar kwalba mai lambobi tana iyo, ya tsotso ruwan kowane ɗaki ya ɗaga daidai ido. Nauyin ruwan take aunawa, ruwa zalla 1 ne, na batirin da ya ƙoshi wajen 1.26 zuwa 1.28, na mayunwaci ya sauko kusan 1.12. Miltimeter jimilla take ba ka, wagga kuwa ɗaki-ɗaki take tona asiri. Ɗakuna 5 sunka ba da 1.26 ko kusa, na huɗu daga gehen fulus, ɗaya daga cikin waɗanda sunka bushe, ya tsaya 1.22. Ya ce in tazarar ta kai 0.05 an fara sallama da batir, naka yana bakin iyaka, zai yi aiki amma ɗakin ga shi zai kashe shi wata rana.

Munka ɗaura shi, fulus farko mas ƙarshe, ya ƙulle kos ɗin tam ya shafa masu basilin a sama, ya kuma ɗaure batirin da ƙarhenshi don da can yawo yake cikin mazauninshi, ya ce girgizar hanyoyinmu kaɗai na zubar da dalma. Ya ce riƙe na'urarka bisa kawunan, yaro ya murɗa kile, ka sa ido lokacin da demarer ke juyi. Ta faɗo 10.2 ta tashi, motar ta kama bugu ɗaya. Ya ce muddin bai sauka ƙasa da 9.6 ba yana da ƙarhi. Injin na aiki ta nuna 14.1, munka kunna hitilu da fanka ta sauko 13.8 ta tsaya, ya ce tsakanin 13.8 da 14.5 ake so, in ƙasa ne altarnater ba ya ciyarwa, in ya haura 15 dafa batirin yake yana ƙone ruwan. Ya danna kurwar altarnater, wato robar da ke juya shi, da babban yatsa ya ce ita ma lahiya. Na tambaye shi dabarar nan ta cire kan batir mota na aiki don a ga ko za ta mutu, ya ce wannan ta motocin da ce, yanzu wutar na iya harbawa ta ƙone maka kwamfutar mota ka kashe kuɗɗin batir 5.

Ni na ɗauka an gama, na sa hannu aljihu. Ya ce Mushe ina za ka? Batir lahiya, altarnater lahiya, to wa ke shanye shi daga lahadi zuwa asabar? Ka cika randa ba ka toshe huji ba. Ya sa na kashe mota na zare kile na rufe ƙohohi, ya sake cire mas, ya maida jar wayar miltimeter cikin ramin da anka rubuta 10 ya juya makunni zuwa awon amfer, ya ɗora waya guda bisa kan batir ɗayar bisa kos ɗin da ya cire, yadda duk wutar da za ta hita sai ta ratsa cikin na'urar. Ya ja mani kunne kar in kuskura in murɗa kile a haka, demarer na jan amfer ɗari da wani abu, na'urar toka za ta zama. Munka jira ƴan mintoci, ta tsaya kan 0.35. Ya ce motar da ke barci, agogo da ƙwaƙwalwar rediyo kaɗai ke ci, bai kamata ta wuce 0.05 ba, taka ido biyu take kwana.

Yaro ya shiga zare fizibil, ƴan abubuwan nan da ke tsinke wuta in ta yi yawa, ɗaya bayan ɗaya, ya zare mu duba ya maida, na cikin kapo duka, 0.35. Na ƙarƙashin sitiyari, ni na danne ɗan maɓallin ƙohar da yatsa don hitilar ciki kar ta kama, duka, 0.35 ko gezau. Rana na faɗuwa, ni na fara gajiya. Baba bai ce komi ba ya koma kan fulus yana shafa wayoyin da hannu, sai ya kamo wata ja mai kauri da anka naɗe da salatif anka cusa ƙarƙashin kos, ya ce wagga ba da ita motar ta zo ba. Ya bi ta, ta ratsa bango ta bi ƙarƙashin darduma har ƙarƙashin kujerar mai zaman banza. Amfili ne, na'urar nan mai ƙara ƙarhin sautin rediyo. Yana cire wayar na'urar ta faɗo 0.03.

Nan take na tuna. Shekara biyu ke nan ƙanena ya ari motar zuwa bikin abokinshi a Tasawa, ya dawo mani da ita da amfili da manyan sifiku a baya wai tukuici, har na yi ta sa mashi albarka. Wanda ya haɗa mashi bai bi ta kontak ba, wato inda kile ke kunna wuta da kashe ta, ya ja wuta kai tsaye daga batir kuma ya haɗe wayar da ke tada amfilin da ita, ko fizibil babu, wato tun ranar abin nan bai taɓa mutuwa ba dare da rana, ko rediyo na kashe. Na duƙa na yi lissahi a ƙasa da tsinke: 0.35 sau awa 24 ya ba da 8.4 kowace rana, kwana 5 ya zama 42, cikin 60. Kowane sati sai an kwankwaɗe kashi biyu cikin ukku da ɗori, asabar a ɗan shafa mashi, a sake. Batirin tada mota kuwa ba a yi shi don a riƙa ƙarar da shi haka ba, nashi ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa biyu ukku a maida mashi nan take, na sola ne ke jure a kwashe a cika. Na farkon da ya mutu ashe ba algus ba ne, ni na kashe shi da yunwa, na jika 43 ɗin ma in da na saye shi, wannan hanyar zai bi. Baba ya karɓi dala 200 na sharji da ruwa, na awo ya ce in ba yaron na goro.

Da dare na kira ƙanen nawa na zayyana mashi, ya ce haba Yaya ai kai ka hi kowa ƙure sautin in za ku Tibiri, kuma gaskiyarshi. An dai maida wayar ta bi kontak an sa mata fizibil.

Tsohon batirin na farko yana nan zaure tun bara yara na hawa kanshi suna wasa, murhi ɗaya ma ya ɓata. Abokina da ya gani ya ɓata rai ƙwarai, ya tuna mani abin da gubar dalma ta yi a Zamfara nan maƙwabta a 2010, yara hiye da 400 sunka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, can daga dutsen zinariya da ake daka wa cikin gidaje ta hito amma dalmar dai ita ce cikin akwatin nan, kuma yara ta hi kamawa. Washegari na kai ma Baba shi, yana tara su masu saye a kilo na zuwa su kwasa, abin da anka ba ni na cika na sayi miltimeter tawa jika 4 na maida ma mai ita tashi.

Yanzu duk asabar kahin in murɗa kile sai na buɗe kapo na auna, murahe kuma farkon kowane wata, lokacin zahi duk sati biyu. Ƴan fada sun ce na kore su aiki ba sallama. Ɗaki na huɗun na ɗiga mashi farin fenti don kar in manta, Baba ya ce zai ga damina da ɗari amma bai ɗaukar mani alkawalin bazara mai zuwa ba, in kawo shi a sake tsotsa in sanyi ya fara wucewa. Asabar da ta wuce bayan kwana 6 a aje 12.4 na gani, ruwan ɗakin nan ya ɗan sauka na ƙara mashi, Inna kuma ta aiko a taho mata da goro.